Jagoran Lungunan Beijing

Ma'aikatarsu ce ta turo Kauthar kwas daga Abuja zuwa Beijing. Ranar hutu aka kwashe su yawon tsofaffin unguwanni, a kekuna masu rumfa da ke ratsa lungunan da mota ba ta shiga. Tana ƙoƙarin hawa sai gyalenta ya maƙale a ƙarfe.

"Tsaya, Hajiya, kar ki yaga shi."

Ta juyo da sauri jin Hausa. Wani dogon saurayi ne riƙe da 'yar tutar masu yi wa baƙi jagora.

"Nazeer sunana, ɗan Zuba. Karatu ya kawo ni, lungunan nan suka riƙe ni."

Kekensa na gefen nata, yana nuna mata jajayen ƙofofi, da gidaje masu tsakar gida irin na kakarta, da tsofaffin da ke shan iska da tsuntsayensu a keji. Ita kuwa rabin bayanin bai shiga kunnenta ba, muryarsa take saurare.

Ta koma Abuja, saƙonninsa suka biyo ta.

"Zumata, yau na tsaya inda gyalenki ya maƙale, har baƙi suka tambaya ko lafiya."

Ta rungume wayar tana dariya ita kaɗai.

Farouk, abokin aikinta da ya daɗe yana sonta, shi ya tsegunta wa mahaifinta cewa yaron China zai tafi da ita. Alhaji Yelwa kuwa ita kaɗai Allah ya ba shi.

"Ba zan aurar da ke inda sai na hau jirgi kafin in ga fuskarki ba."

Ta tura wa Nazeer: "Abba ya ƙi, ni kuma ba zan saɓa masa ba."

Shiru, babu amsa. Ta yi kuka har ta haƙura, ta ɗauka ya janye.

Wata Asabar sai ga mota a ƙofar gida, baffannin Nazeer na sauke kwandunan lemo da abarba. Nazeer ya durƙusa gaban Alhaji.

"Abba, na ajiye aikin, na dawo gida. Barin wurin ya yi min zafi, amma rasa ta ya fi."

"To, me za ka yi a nan?"

"Abuja ma tana da baƙi. Zan zaga da su."

Alhaji ya ce a kawo wa baƙi ruwa. Kauthar da ke laɓe bayan labule ta ruga ta faɗa jikin mahaifiyarta.

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura aurensu. Alhaji ya dafa kawunansu.

"Allah ya yi muku albarka. Ku riƙa leƙo ni."