Tekun Alhaji Lawali

Rana ta yi ja a kan ruwa, masunta na jawo jirage gaɓa, hayaƙin banda ya kwanta a kan rufin gidajen Yelwa, sa'ad da Alhaji Lawali ya tsugunna gaban akwatinsa na gilashi, ya tarar ruwan ciki ya yi fari kamar an dama kamu.

Akwatin nan shi ne abin taƙamarsa. Da ya bar aikin tashar jiragen ruwa a Ikko, can bakin teku, abokansa sun dawo gida da motoci, shi kuwa ya dawo da teku a cikin gilashi: kifaye masu launin atamfa, da wani farin dutse mai ramuka da aka ciro daga ƙasan teku. A garin da yaro ke sanin kifin karfasa kafin ya san sunan kakansa, Alhaji ya zama mai ciyar da kifin da ba a ci. Ruwan ma sai an haɗa shi da wani gishiri na musamman da ake aiko masa a bokiti daga Ikko. Sabon bokitin da ya iso, gishirinsa ya dunƙule, yana wani wari-wari. Alhaji ya gani sarai. Amma mutumin da ya gama koya wa unguwa labarin teku ba ya yarda an sayar masa da gurɓatacce. Da kifi na fari ya juya ciki sama, sai ya zubar da ruwan, ya sake haɗa wani da gishirin nan dai.

Ana kiran magariba jifa ta fara. Ƙwas a kan kwano, shiru, sannan wata. Matarsa Hajara ta fita da fitila ta tsinto abin da ake jifan da shi: dunƙulen gishiri ne, jiƙe sharkaf. Daga falo kuma, inda babu kowa, aka ji tari irin na tsohuwar da hayaƙi ya shaƙe.

Yasira, autarsu, ita ke ba kifayen abinci safe da yamma. Suka same ta tsaye gaban akwatin, hawaye na zuba daga idanunta. Ba ta shessheƙa, ba ta motsi. Zuba kawai suke yi.

"Yasira, mi aka yi miki?" in ji uwar.

"Ba komai, Inna. Ba ni ce ke kukan ba."

Kwana ya bi kwana, hawaye bai tsaya ba. A asibiti aka yi mata ƙarin ruwa, aka haska idanun, ba a ga ciwo ba. Duk abin da ta sha ta ido yake fita. Leɓɓanta suka tsattsage, idanu suka faɗa, zanen da ake share mata fuska da shi in ya bushe sai ya yi fari ya ƙandare. Alhaji ya daina zama majalisa. Yana zaune bakin gadonta yana kallon ɗiyarsa na ƙarewa ɗigo-ɗigo, kamar randar da ta tsage.

Hajara ce ta aika garin Wara aka ɗauko Malam Auwal a jirgi. Dattijo ne marar gaggawa. Ya sha ruwa, ya daɗe yana duban akwatin, sannan ya zauna bayan la'asar ya fara karatu a kan yarinyar. Inuwa ta miƙe a tsakar gida. Kaji suka shige akurki tun lokacinsu bai yi ba. Can sai bakin Yasira ya buɗe, wata dusasshiyar murya ta fito, mai gurgurar ruwa a cikinta.

"Malam, sassauta. Ƙunar da nake ciki ta ishe ni."

Malam ya tambaye ta ko wace ce ita. Ta ce a ramukan farin dutsen nan aka haife ta, a ciki aka ɗauko ta ba da shawararta ba. Shekaru tana zaune a falon mutumin nan, ta jure wa ɗauke wuta, ta jure wa baƙin da ke ƙwanƙwasa gilashi da yatsa, ba ta taɓa kowa ba. Amma gishirin da ya zuba kwanan nan ci yake kamar wuta. Ta yi tari don ya ji, ta mayar masa da abinsa bisa rufi don ya gani, bai fasa ba.

"To yarinyar fa, mi ta yi miki?"

"Ita ba ta yi mini komai ba sai alheri. Na laluba gidan nan kaf, ban sami ruwan da ya yi kama da gida ba sai hawayenta."

Alhaji ya sunkuyar da kai.

Malam ya yi mata tayin tafki, ga shi nan bayan gari, ba iyaka. Ta yi wata busasshiyar dariya, ta ce ruwa lami kisa ne gare ta, ban da haka tun da aka datse kogi ruwa ya cinye tsofaffin garuruwa mutanen ƙasan tafkin nan a cunkushe suke, ba su neman baƙuwa. A mai da dutsenta teku, ta fita. Malam ya ce hanyar Ikko da nisa, yarinyar ba za ta kai ba. Ta ce ita ma ba za ta kai ba a busasshen dutse. Sai an ba ta inda za ta fake a hanya.

Nan fa Alhaji Lawali ya ɗago. Mutum ne da ake ba da labarin ko ranar da aka rufe mahaifiyarsa idonsa bai jiƙe ba.

"Baiwar Allah," ya ce, "sake mini ɗiyata. Ga nawa idanun."

Malam ya sa ta yi rantsuwa: da ganin teku ta fita, ba ta waiwaye. Ta rantse. Yasira ta yi atishawa, ta kwanta luf, fuskarta ta bushe. A daidai nan ɗigo na farko ya sauko a kuncin ubanta.

Da safe ya hau motar da ke kai banda Kudu, dutse a ƙunshe cikin jiƙaƙƙen buhu a kan cinyarsa. Tun daga Yelwa yake zubar da hawaye. A Kwantagora wata mai ƙosai ta yi masa ta'aziyya, a Jaba yaron mota ya tambaye shi ko mutum nawa suka rasu. Shi dai ruwa kawai yake sha, yana zubo masa ta ido. Ya isa bakin teku da ƙyar, ya shiga har gwiwa, ya saki dutsen. Igiyar ruwa ta zo ta wanke masa fuska, ta koma da abinta.

Ya dawo ya tarar da Yasira a tsakar gida tana shan fura. Akwatin kuwa Hajara ta wanke shi tas, ta cika shi da albasa.

Bayan mako guda mai gishirin Ikko ya bugo waya yana ban haƙuri, wai an gano bokitan wancan zubin duka sun lalace, zai aiko da sabo kyauta. Alhaji ya dubi ɗiyarsa, ya shafa idanunsa da har yanzu ke masa zafi.

"Bar abinka," ya ce. "Na kai wa teku nawa gishirin da kaina."