Thembo Biyu a Igiya Ɗaya

Ranar Talata ce. Ruwa ya kwana yana zuba, ya wuni yana zuba, gajimare ya sauko ya rufe dutsen Rwenzori har ba a ganin gonakin ayaba na sama.

A gidan dattijo Mbusa, matarsa Ithungu tana tuƙa tuwon rogo, 'yarsu Kyakimwa tana daka ganyen miya. Dakan ba ya tafiya. Ta buga taɓarya, ta ɗaga kai ta kalli wajen dutse, ta sake bugawa. Uwar ta ce mata turmin yana ƙasa, ba a cikin gajimare yake ba, in kuwa miya ta makara, ita za ta yi wa ubanta bayani.

Garinmu ƙarami ne, nan hanyar mota ta ƙare. Baƙi suna sauka su kwana, su ɗauki 'yan jagora da 'yan dako, su hau su taka ƙanƙarar da ke kwance a ƙololuwa, su ɗauki hoto, su tafi. Da wannan muke ci, sai kofi.

A wajenmu ba a wahalar zaɓen suna. Jerin haihuwa ke raɗa wa yaro, ɗa namiji na biyar kuwa Thembo ne, ko a gidan wa ya faɗo. Ka tsaya a kasuwa ka kira Thembo, har mai naman akuya sai ya waiwayo. A wancan makon Thembo biyu ne suka hau dutse da baƙi. Ɗaya ɗan Mbusa ne, wan Kyakimwa, wanda ya rage a gida bayan yayyensa sun watse Kasese da Kampala. Ɗan dako ne. Ɗayan kuwa muna ce masa Thembo na Gada, don ɗakin uwarsa yana bakin gada. Shi ɗan jagora ne, shi ke riƙe kan igiya a kan ƙanƙara. Shi ne kuma yake son Kyakimwa, ita ma shi take so, tun suna zuwa ajin waƙa a coci.

Mbusa ya ƙi. Ba sau ɗaya na Gada ya turo kawunnansa a yi maganar awakin aure ba, kullum su sha ruwa su tashi. Haushin tsohon shi ne wannan yaron ya janye masa ɗa daga gonar kofi ya kai shi dako. Ranar da saurayin ya zo da kansa ya durƙusa, Mbusa ko kujera bai nuna masa ba.

"Gidana akwai Thembo ɗaya, ya ishe ni," in ji shi. "Ƙanƙarar nan da kake taƙama da ita, ina yaro daga ƙofar gida nake hangenta kamar an shanya farin zane. Yanzu kamar kashin tsuntsu. Ranar da ta narke, hoton Turawa za ka dafa wa 'yata?"

Saurayin ya ce yana neman gona, a ba shi lokaci. Mbusa ya ce lokaci ba nasa ba ne balle ya raba. Kyakimwa ta yi kuka a bayan ɗaki. Wanta ne ya lallashe ta, yana tsokanarta wai ta yi haƙuri, in aka yi auren sai ta riƙa kira ɗaya mutum biyu su amsa, ta huta.

To, a wannan Talatar, da la'asar, Nziabake mai sayar da ayaba ta shigo gidan a jiƙe. Rumfarta tana jikin ofishin 'yan jagora, bakinta kuma ya fi ƙafarta sauri. Ta ce ta ji da kunnenta a oba-obar ofis, na'urar da ake magana da masu hawan dutse, maganar tana yankewa saboda ruwa: Thembo ya faɗa tsagin ƙanƙara, an ciro shi babu rai, ana saukowa da shi. Daga nan na'urar ta yi shiru.

Ba wanda ya tambaya wane Thembo. Kowa ya san ɗan dako ba ya taka ƙanƙara. A bukkar ƙarshe yake ajiye kaya ya hura wuta ya jira. Ɗan jagora ke shiga gaba da igiya, shi rami ke fara samu.

Taɓarya ta faɗi daga hannun Kyakimwa. Ta zauna a ƙasa cikin laka.

Mbusa ba ya gida. Yana rumfar giyar ayaba da tsofaffi, nan labari ya same shi. Ya ajiye ƙoƙo, ya goge baki, ya ce:

"To. Dutse ya yanke mini shari'a. Na huta da sintirin kawunnai."

Ba wanda ya yi dariya. Wani tsoho ya ce masa, "Mbusa, ɗan mutane ne fa." Ya ce shi ma bai ce ɗan akuya ba ne, a ƙaro masa giya. Da ya dawo gida ya tarar da 'yarsa kwance, ya ce ta yi kukanta ta gama, ba a kanta aka fara ba.

Ithungu mace ce mai tausayi. Ta ɗauki wake da garin rogo ta tafi bakin gada, ta zauna da uwar na Gada, gwauruwa, ta riƙe mata hannu. Gari duka can ya yi zaman makoki. Ithungu tana ta ce wa matar ta yi haƙuri, Allah ya bayar Allah ya karɓa, in ɗanta ya sauko zai riƙa zuwa yana gyara mata rufi. Haka aka kwana, aka sake kwana, don saukowa da gawa a cikin wannan taɓon ba aikin yini ɗaya ba ne.

Da hantsin ranar da suka iso, ruwa ya ɗan tsagaita. Jama'a suka taru inda hanyar dutse ke fitowa daga daji. Aka hango makarar gora a kafaɗun mutane, an rufe ta da leda. Wanda ke riƙe da gaban makarar dogo ne, laka har ƙugu, leɓensa duk ya tsage.

Kyakimwa ce ta fara gane shi, na Gada ne. Ta ƙwace daga hannun matan da ke riƙe da ita, ta ruga, ta faɗa jikinsa tana dariya da ƙarfi, tana shafa fuskarsa, tana cewa, "Yana da rai! Mama, ki duba, yana da rai!"

Bai rungume ta ba. Hannayensa suna kan gora. Ya kalle ta, ya kalli bayansa.

Sai a lokacin ta ga ƙafar da ta leƙo daga ƙarƙashin leda, da takalmin roba mai faci ja. Na wanta ne, ita ta kai shi wajen mai faci.

Ithungu tana tsaye kusa, hannunta har lokacin cikin hannun gwauruwar.

Daga baya muka ji yadda aka yi. Ɗan Mbusa ya gaji da dako, yana so ya zama ɗan jagora. Ya daɗe yana roƙon abokinsa ya koya masa aikin. A wannan hawan na Gada ya yarda, ya ɗaura shi a igiyarsa. A saukowa gajimare ya rufe su, wata baƙuwa ta zame, ɗan Mbusa ya kwance ƙullinsa don ya isa wajenta, wurin da ya taka ya burma. Ƙanƙarar yanzu ta yi laushi, inda aka bi bara ba a binsa bana. Na Gada ne ya sauka ramin ya ɗauro shi.

Aka binne shi a bayan gida cikin ayaba. Yayyensa suka zo suka koma. Mbusa bai sake taka rumfar giya ba, bai kuma ƙara ɗaga murya a gidansa ba. Yakan zauna a dokin ƙofa da hula a gwiwa har rana ta faɗi.

Ithungu kuwa ta daina kiran sunan 'yarta. In za ta aike ta, sai ta yi wa bango magana. Kyakimwa ta durƙusa ta ba ta haƙuri har gwiwarta ta yi kanta, ta ce ba ta sani ba, wa ya sani. Sau ɗaya uwar ta amsa.

"Na ji dariyarki. Ɗana yana kan gora kina dariya. In na rufe ido ita nake ji."

Bayan an share makoki, na Gada ya zo da yamma. Ya tsaya daga waje, hula a hannu. Mbusa ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tura masa kujera da ƙafa.

"An faɗa maka abin da na ce a rumfa?"

"An faɗa, Baba."

"Me ka ce?"

"Na ce ina ma haka ta kasance."

Tsohon ya rufe fuska da hula. Da ya buɗe, ya ce saurayin ya turo kawunnansa duk ranar da ya ga dama, akuya ko ɗaya ce ta isa, shi bakinsa ya riga ya ci rabonsa. Ithungu tana ji daga madafa. Ta fito, ba ta kalli baƙon ba, ta ce wa mijinta ranar da wannan mutumin ya zama surukinta, ranar za ta ɗaure kayanta ta koma dangin ubanta a hayin kogi, kuma kada a kira ta ko biso. Ta ce dutse ya karɓi biyu ya dawo da ɗaya, ya yi kuskuren wanda zai dawo da shi. Mbusa ya buɗe baki zai tsawata. Ta dube shi ta ce, "Kai ne za ka koya wa wani magana?"

Kyakimwa ta raka saurayin har bakin shinge. Ya ce zai bar dutse, ya riga ya mayar da igiya da takalman ƙanƙara ofis. Ya ce in garin ne ya yi mata ƙunci, su tafi Kasese, zai yi acaɓa, zai yi ko mene ne. Ta ce ba dutsen ba ne, ba garin ba ne.

"Ko ka bar dutse, sunan fa? Da wane baki zan kira ka a gabanta? Ni kaina in na ga fuskarka sai in tuna na yi murna. Har yanzu ina murna, Thembo, abin da ke kashe ni ke nan."

Ya ce zai jira. Ta ce kada ya jira, ba za ta fita gidan nan ba sai ranar da uwarta ta kira sunanta da bakinta, ita kuwa ta san uwarta. Ya je ya nemi wata, 'yan mata sun cika coci. Ya tambaye ta ko abin da take so ke nan. Ta ce ba wanda ya tambayi abin da ake so a gidan nan tun ranar Talata. Ta juya ta shiga.

Watanni suka wuce. Baƙi suka ci gaba da zuwa, motoci suna sauke su da jakunkuna masu launi, suna tambaya ko ƙanƙarar tana nan. Ana ce musu tana nan, su yi sauri. Na Gada bai koma ba. Ya shiga ƙwadago a gonakin mutane. Kawunnansa suka kawo masa maganar wata yarinya daga Bugoye, ya ce sun gode. Kyakimwa ta rame, ta daina zuwa ajin waƙa. Fasto ya je ya yi wa Ithungu wa'azin yafiya, ta ba shi shayi, ta saurara har ƙarshe, ta raka shi ƙofa, ba abin da ya canza.

Yara, ku ji. Labari in ya zo da gudu, a tsayar da shi a tambaye shi ɗan gidan wa. Kada ka yi murna da mutuwar kowa, ba ka san ƙofar da za a sauke makara ba. Magana zarar bunu ce, dariya ma haka, ko da wadda ta yi ta ba ta da laifi. Abin da baki ya ɓata cikin numfashi ɗaya, haƙuri ne kaɗai ke gyara shi, shi ma ba ya yi wa kowa alkawari.

Da damina ta sake kamawa, itace ya yi wuya. Gidan Mbusa babu sauran namiji mai ƙarfin gatari, Ithungu tana hura wuta da ɗanyen kara, hayaƙi yana sa ta tari har a hanya ana ji. Wata safiya na Gada ya shiga daji ya faskaro busasshen itace dami guda, ya ajiye a ƙofar madafarta, ya tafi ba tare da ya yi sallama ba. Ta fito ta gani. Ta tsallake shi, ta ɗauko karanta. Kyakimwa ta miƙa hannu za ta ɗauka, uwar ta ce wa bango duk wanda ya sa itacen nan a murhunta ba za ta ci tuwon ba.

Damin ya wuni a nan. Da hadari ya taso da yamma, Mbusa ya tashi daga dokin ƙofa, ya yanko ganyen ayaba ya rufe shi, ya ɗora dutse a kai, ya koma ya zauna.

Nziabake ta kai wa na Gada labari a bakin gada, ta ce ko sanda ɗaya ba a taɓa ba, ya daina wahalar da kansa, matar nan ta fi dutsen tauri. Ya ce ya ji.

Washegari da sassafe ya wasa gatarinsa, ya sake shiga daji.