Suwaitar da Ba Ni Na Saƙa Ba

"Barakatu Na'Allah! Ina take? Ta fito gaba!"

Wallahi da na ji sunana sai na ƙara laɓewa a bayan mata.

Gwaggo Ruka ce ke kirana, shugabar ƙungiyar mata masu saƙa ta ƙasar Kontagora, kuma mahaifiyar Mahmudu, mutumin da nake mutuwar so. Tana tsaye a gaban zauren taro, ta ɗaga wata jar suwaita da hannu biyu don kowa ya gani.

Na san suwaitar. Ni na ba Mahmudu ita da sanyin bara.

Zauren ya cika maƙil, don taron shekara ne. Mata sun zo daga Bobi da Bangi da Zugurma, kana jin Kambarci a nan, Fulatanci a can, kowace da ƙullin ulunta a cinya. Tun safe ake darasi. Malama Rebeka ta zumuntar matan coci ta koyar da yadda ake juya dunduniyar safa, wata ta koyar da hular jarirai. Ni kuwa na laɓe can baya kusa da taga, ina ƙirga mintocin tashi.

"Ku dubi wannan ado," in ji Gwaggo Ruka, tana shafa gaban rigar. "Kamar kitso, ko? Shekarata ashirin ina saƙa, ban taɓa ganin irinsa a littafin Turawa ba. Yarinyar nan ta yi shi da hannunta. Yau ita za ta koya mana!"

Aka ɗauki guɗa.

Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni gaba ba. A layin farko na ga Kubura, 'yar ƙanwar Gwaggo, wadda dangi suka so haɗa ta da Mahmudu tun suna yara. Ta tallafe haɓa tana yi mini murmushi.

"Ni na ba Gwaggo shawara," ta ce da wata siririyar murya. "Na ce irin wannan baiwa ai ba a ɓoye ta. Ga tsinkena ma, ara..."

Ta danƙa mini tsinken saƙa biyu da curin ulu.

Tsinke biyu a hannuna, ni da ko jera zaren farko ban iya ba!

Bari in faɗa muku gaskiyar da na kasa faɗa wa kowa. Babana ne ke saƙa.

Kofur Na'Allah. Ya dawo daga yaƙi da ɗingishi, babu yatsu biyu a hannun dama, ya tarar Innata ta rasu. A gadon asibitin sojoji aka koya masa saƙa don hannun ya motsa. Da ya dawo gida sai ya shimfiɗa tabarma a zaure, ƙofa a buɗe, ya maƙale tsinke ɗaya a hammata yana abinsa yana gaisawa da masu wucewa. Ko a jikinsa.

Ni ce abin ya dama. Ina da shekara goma sha huɗu lokacin, 'yan ajinmu suka sa mini waƙa, wai 'yar soja mai saƙar mata. Na dawo gida ina kuka, na tsaya a kansa na ce, "Baba, ka kunyata ni! Don Allah ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa!"

Ya naɗe tabarmarsa ya shiga ciki.

Shekara huɗu ke nan ƙofar nan tana rufe. Shi ya saƙa, ni in kai kasuwa, a ce kai, yarinyar nan akwai hannu! Ni kuma in sunkuyar da kai ina murmushi, ina shan yabon da ba nawa ba. Har a wurin sayen ulu na haɗu da Mahmudu, don shi ne mai rumfar ulu a kasuwar Kontagora. Da farko Gwaggo Ruka ta ce sam, ɗanta ba zai auri rainon namiji ba, yarinyar da babu uwar da ta koya mata komai. Jar suwaitar nan ce ta sauko da ita. Ta ce mai wannan haƙuri a yatsu za ta iya riƙe gida.

To, ga ni ga ranar ƙin dillanci.

"Bismillah, 'yata," in ji Gwaggo. "Fara."

Na kama tsinkunan yadda na saba ganin Baba yana yi, na cusa ɗaya a hammata. Wasu suka kwashe da dariya, sun ɗauka wasa nake. Na naɗa zare, ya zame. Na sake naɗawa, ya sarƙe a yatsana. Curin ulun ya faɗo daga cinyata ya gangara ƙarƙashin benci, yana warwarewa har ƙafar wata tsohuwa.

Tsinke ɗaya ya faɗi a siminti. Ƙil!

Kowa ya zuba mini ido.

"Ko tsinken nawa ne bai yi miki ba?" in ji Kubura. "A kawo mata wani mana..."

Malama Rebeka ta matso, ta dafa kafaɗata a hankali. "Kunya ce, ku bar ta ta nutsu. Ni ma ranar farko haka zare ya yi ta sarƙe mini."

Alherin matar nan shi ya ƙarasa ni. Da zagina ta yi da na jure.

"Ba ni na saƙa ba," na ce.

"Me kika ce?" Muryar Gwaggo ta sauka ƙasa.

"Ba ni na saƙa ba, Gwaggo... ban iya ba. Ban taɓa iyawa ba."

Salati ya tashi ta ko'ina. Gwaggo Ruka ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ninke suwaitar a hankali kamar mai ninke likkafani.

"To wa ya saƙa?"

Sunan yana kan harshena, amma har a lokacin, Allah Ya yafe mini, kunyar faɗarsa nake ji.

Na ja gyalena na fita da gudu.

Waje kuwa kasuwa ce sosai. 'Yan tireda sun kafa rumfuna a filin, masu ulu kala-kala daga Kaduna, masu tsinke da kwarashi, masu littattafan zane, ga 'yan matan Fulani da ƙoren fura da nono. Na rufe fuska ina kutsawa, sai na ji an sha gabana.

"Barakatu... tsaya."

Mahmudu ne. Ya baro rumfarsa ba kowa. Tagogin zauren a buɗe suke, ya ji komai.

"Ka matsa mini, don Allah!"

"Ba inda zan matsa."

"Ka ji ai! Maƙaryaciya ce ni. Je ka auri Kubura, ita ko ba komai ta iya safa!"

Bai yi dariya ba. Ya dube ni, idonsa ya kaɗa.

"Baba ne, ko?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Wa... wa ya gaya maka?"

"Haba masoyiyata. Ulu fa nake sayarwa. Duk mai saƙa in ta zo rumfata sai ta murza zare a yatsa ta ji kaurinsa, ke kuwa kala kawai kike nunawa ki biya ki tafi. Masu saƙa suna da kanta a ɗan yatsa, naki sumul. Ranar da na je gaida Baba kuma, na ga jan ulu maƙale a gemunsa."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin ki ba ni rigar."

"Kuma ka sa ta? Kuma ka yi shiru?"

"Na sa ta, don hannun da ya rene ki ne ya saƙa. Shirun kuwa jira nake ki faɗa mini da bakinki." Ya sauke numfashi. "Ba rashin iya saƙa ne ya dame ni ba, Barakatu. Ni ba suwaita zan aura ba. Abin da ke ci mini rai shi ne duk lokacin da na je gidanku in ga ƙofar nan a rufe. Mutum ya bar yatsunsa a filin daga, ya dawo yana ciyar da ke da sauran, a ce shi ne abin ɓoyewa?"

Maganar ta shige ni har ƙashi. Na durƙusa a nan tsakiyar mutane na fashe da kuka.

"Tashi," ya ce a hankali. "Ga kekena. Ke ce za ki yi masa magana, ni rakiya kawai zan yi."

Muka isa gida rana tsaka. Ƙofar ɗakin Baba a rufe, kamar kullum. Daga waje kana jin tsinkunan suna ƙas-ƙas-ƙas.

Na tura ƙofar. Ya yi sauri ya cusa saƙar ƙarƙashin bargo, kafin ya ga ni ce.

Wannan saurin da ya yi... har gobe in na tuna sai na yi hawaye.

"Uwata, lafiya? Wa ya taɓa ki?"

Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana.

Na zube a gabansa na kama ƙafarsa mai ciwon. Na faɗa masa komai, tun daga kiran suna har faɗuwar tsinke.

"Baba, ka yafe mini. Ni na rufe ka a ɗakin nan. Na ci guminka, na ci yabonka, yau ma da aka tambaye ni na kasa faɗin sunanka..."

Ya dubi hannunsa.

"Yarinta ce," ya ce. "Ni kuma na ga in dai rufe ƙofa zai hana ki kuka, ai abu ne mai sauƙi. Yanzu me kike so in yi?"

"Ka zo ka koya musu. In za ka iya."

"Matan gari guda?" Ya ɗan yi dariya. "Ni da na tsaya gaban igwa. Miƙo mini sandata. Ki ɗauko kibiyar kitson Innarki a kan taga."

Mahmudu ya ɗora shi a keke yana turawa, ni ina biye da jakar ulu.

Da muka shiga zauren ana shirin tashi. Mata suka ga namiji da sanda da tsohuwar hular soja, aka fara jan mayafi ana ƙus-ƙus. Kubura ta ce, "A'a! Yau kuma ƙara aka kawo?"

Na je har inda na yar da tsinken ɗazu na tsaya.

"Gwaggo, kin tambaye ni wa ya saƙa, na gudu. Ga shi. Babana ne, Kofur Na'Allah. Duk abin da na taɓa sayarwa a garin nan shi ya yi. Ba shi ya ɓoye kansa ba, ni na ɓoye shi, don ina jin kunya... Ni ce abin kunyar, ba shi ba."

Wata ta ƙyalƙyale da dariya a baya. Wata ta taya ta.

Baba bai ko waiwaya ba. Ya zauna a benci, ya maƙale tsinke a hammata, ya naɗa ulu a yatsu ukun da suka rage masa. Sai ƙas-ƙas-ƙas! Kafin a ce kwabo ya yi layi huɗu. Ya zaro kibiyar kitson Innata, ya kwashe idanun saƙa uku a kanta, ya tsallakar da su ta bayan 'yan uwansu, sai ga kitso yana fitowa a jikin ulu.

Dariyar ta mutu.

"Ba a littafi na gani ba," ya ce, bai ɗaga kai ba. "Kitson da matata take yi ne ranar Sallah. Na ga ba zan sake ganinsa a kanta ba, sai na mai da shi nan."

Malama Rebeka ce ta fara jawo bencinta kusa. "Baba, sake yi a hankali, ban ga inda ka tsallakar ba." Sai matan Bangi suka matso, sai na Zugurma. Har Kubura na gani tana leƙe ta kafaɗar wata, bakinta a tsuke.

Gwaggo Ruka ta matso gaban Baba. Ta ce, "Sannu da aiki, Malam Na'Allah. Mun gode." Sannan ta juyo kaina, fuska ba wasa.

"Ke kuma. Ƙarya kika yi mini, ban manta ba, ba kuma zan ce ban ji zafi ba. Amma wadda ta gudu ta dawo da ƙafarta, ba a rufe mata ƙofa." Ta zaro tsinkenta na kanta ta miƙo mini. "Zauna gaban ubanki ki koya. Ranar da kika saƙa wa ɗana riga da hannunki, ranar za mu kawo goro. Ko shekara nawa za ta ɗauka."

Na karɓa da hannu biyu. Na zauna a ƙasa, a gaban kowa, ina jera zaren farko ina share hawaye.

Wata bakwai ta ɗauke ni. Na warware ta sau biyar. Da na gama, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wuyan kuma sai an yi dambe kai yake shiga. Gwaggo ta juya ta gaba da baya ta ce, "Tabɗi! Wannan kam ba mai cewa ba ke kika yi ba."

Mahmudu ya sa ta ranar ɗaurin aure a ƙarƙashin babbar riga, gumi yana tsiyaya har haɓarsa, abokansa suna yi masa tsiya. Ya ce ko a tukunya za a dafa shi ba zai cire ba.

Da yamma, kafin a zo ɗaukata, na fito in yi wa Baba sallama. Na same shi a zaure a kan tsohuwar tabarmar nan, da tsinke a hammata, 'yan biki suna ta wucewa. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi titi.

"Uwata, baƙi sun yi yawa yau. In tura ƙofar?"

Na je na sa dutse na tokare ta.

"A'a, Baba. Bar ta a buɗe."