Aron Suna a Teburin Karta

Shekara goma sha tara ina wankan gawa a masallacinmu na Highbridge, a nan Bronx, kuma na gaji. Ɗaga mamata bai gajiyar da ni ba kamar sanin abin da ya kashe wasu, alhali takardar asibiti tana faɗin wani abu daban. Sunana Saani. Labarin Abdul-Hanan zan ba ku, kuma gara in faɗa tun da wuri cewa ina da hannu a ciki.

Ɗan zangon Kumasi ne kamar ni. Ya shigo Amurka a 1995 da fasfon wani ɗan uwansu da suke kama, tun daga filin jirgi bai taɓa amsa sunansa a gaban hukuma ba. A wurinmu wannan ba abin magana ba ne. Mai takarda yana ara wa marar takarda suna ya je ya nemi abinci, kamar yadda ake aron rigar sanyi. Ni ina da ɗan shagona, sai na ara masa sunana. Da shi ya samu aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Shekara ashirin yana rataye da katin aiki mai sunan Saani, yana juya tsofaffi a gado, yana wanke su, yana ba su abinci a baki suna tofar masa.

Gidansa mutum huɗu ne a ɗaki biyu. Matarsa Zuweira, mai kitso, tana da takardunta. Ƙaninsa Ishawu yana jan tasi, yana kwana a falo. Sai 'yarsu Damata da aka haifa a nan, wadda ke jin Hausa sarai amma ta amsa maka da Turanci.

A 2016 aka tura shi wurin wani tsoho a New Jersey, hayin gada, kuma a hannun tsohon ya ga wasan. Karta ce ta intanet, amma ba na'ura ke rabawa ba. Mace ce ta gaske a zaune bayan koren tebur, kana kallonta kai tsaye a waya. Ta ba ka kati biyu, ta kife nata biyu, ta buɗe uku a tsakiya. Ka duba, ko ka bi ko ka janye. In ka bi, ta ƙara biyu a tsakiya, ta buɗe nata, wanda haɗinsa ya fi ya kwashe. Ba da sauran 'yan wasa kake karawa ba, da gidan cacar kake yi. Sharuɗɗan shiga biyu ne: ka kasance cikin New Jersey, kuma ka zama mai takarda. Sai ya buɗe asusu da sunan Zuweira, bai ma ga abin shawara a ciki ba. Wata shida gidan yana cinye masa albashi.

Wani ne ya raɗa masa labarin wani boka tsoho da ke unguwar St. George. Ranar wata Talata da hantsi ya shiga jirgin ruwan Staten Island riƙe da kwali mai ɓuli-ɓuli, baƙin zakara a ciki, sabuwar karta a aljihu. Wurin yana ƙarƙashin wani tsohon bene, kusa da tukunyar ɗumama gini. Daga baya na shiga da ƙafata, don haka ba ji na yi ba. Zafi, warin tsohon jini da turaren da ya ƙone ya wuce misali. An jera ƙahonni a kan bututun ruwa, kowanne an toshe bakinsa da jan ƙyalle. Ga tukwanen ƙasa uku a rufe, ga wuri a warwatse bisa buzun akuya. Can lungu akwai wata 'yar kujera ta katako, ba kowa a kai, amma an ajiye mata faranti a gaba, kuma bokan ba ya taɓa juya mata baya. Hausarsa ba ta Gana ba ce, ba ta Nijar ba, ba ta Kano ba. Ban san inda ake irinta ba.

Abdul-Hanan ya durƙusa ya ce, "Baba, na gaji. Twenty years ina wanke bayan mutane, ba ni da komai koraa, ko sisi. Ina so in ci house ɗin nan."

Bokan ya ce, "Gidan caca ba ya asara, kai ma ka sani. In ka ɗauka a can, dole wani wuri ya ragu."

"Nawa zan biya?"

"Ba ma karɓar kuɗi. Kwanaki muke karɓa."

Tukunyar ɗumamar ta yi tsit a daidai nan. Abdul-Hanan ya ce, "Kwanakin wa?"

"Na wanda ya zauna a tebur aka kira shi."

"Ni ne zan zauna. Daga ƙarshe za ku cire?"

Bokan ya karkata kai wajen kujerar kamar mai saurare, ya ce, "Daga inda muka samu."

"Ku kwashe na ƙarshen. Na san su, kullum su nake wankewa. Ba na so in kai ranar da wani zai sa mini diaper."

"Ba ka tambayi yawan da za a cire ba."

"Ba na son sani."

Aka yanka zakaran a kan farantin kujerar. Bokan ya ɗiga jini sau bakwai a fuskar wayar, ya shafe da tafin hannu har ya bushe. Ya baje kartar a kife, ya ce ya zari ɗaya kada ya duba. Ya naɗe ta da jan zare, ya cusa a bayan rigar wayar, ya ce in ta yi ɗumi ya bi, in ta yi sanyi ya janye. Abdul-Hanan ya gaya mini cewa da zai fita ya waiwaya, sai ya ga farantin ya bushe tas kamar an lashe.

Daga nan aka fara ci. Yakan haye gada da rana, ya samu wuri ya zauna, ya buɗe waya, mai rabon katin ta yi murmushi ta ce, "Welcome back, Zuweira." Wayar ta yi ɗumi, ya bi, ya kwashe. Cikin wata uku ya ajiye aiki. Suka koma babban gida a University Heights, ya sayi mota, aka tayar masa da bene a Kumasi. Ya sauya mana kafet ɗin masallaci, ya ce kasuwancin kwantena ne ya karɓe shi. Na yi salla a kan kafet ɗin nan, na ji daɗin laushinsa a gwiwata, ban tambayi komai ba.

Yatsun Zuweira ne suka fara ƙagewa, har kitso ya gagare ta. Sai furfura, sai rankwafawa, sai haƙora suka fara zuba. Likitoci suka yi ta gwaji suna sauya suna. Wata bakwai ta yi, ta rasu. Matata Safiatu na cikin masu yi mata wanka, ta dawo gida ta kasa cin abinci. Ta ce, "Alhaji, matar nan shekararta arba'in da uku, amma wallahi jikin 'yar tamanin muka wanke."

Abdul-Hanan ya yi kuka na gaske, ban hana shi wannan ba. Amma asusun mamaciya ba ya aiki, don haka bayan arba'in ya dubi ƙaninsa ya ce, "Ishawu, ba ni social ɗinka, akwai wani business." Ishawu ya karanto masa lambar tasa ta hukuma yana cin waake, ko kai bai ɗaga ba. Haka muke yi, ɗan'uwa ba ya tambayar ɗan'uwa dalilin aron suna.

Ishawu wata biyar ya yi. Ni na wanke shi da hannuna. Saurayi mai shekara talatin da shida, wanda yake ɗaukar buhun shinkafa biyu ya hau bene, na ɗaga shi kamar ƙullin wanki. Fatar hannunsa in ka ja ba ta komawa. Da na gama na kulle ƙofar ɗakin wankan, daga ni sai Abdul-Hanan sai gawar, na ce ya gaya mini gaskiya. Ya zube ƙasa ya faɗi duk abin da na ba ku. Sai a lokacin ya gane cewa abin da ke kan kujerar nan ba ruwansa da wanda ke riƙe da waya, sunan da aka kira yake bi.

Nan take na tuna lambata tana hannunsa shekara ashirin. Na ce, "Me ya hana ka sa nawa?"

Ya ce, "Yaya Saani, kai mutumin masallaci ne. Na ji kunyar sa sunanka a caca."

Na ce ya ƙona katin, ya tuba. Ya rantse zai yi. Ya daina wasan, amma bai ƙona ba, ya jefa wayar a aljihun tebur. Wata uku yana yawo a gida kamar marar lafiya. Kuɗi bai ƙare masa ba, kada ku yi masa wannan uzurin. Ɗumin nan na tafin hannu yake kewa, da muryar da ke yi masa maraba.

A watan Maris na 2018 Damata ta cika shekara ashirin da ɗaya, shekarun da gidan cacar ke karɓa. Takardunta duka suna akwatinsa tun tana jaririya. Abin da ya gaya wa kansa, kuma ya maimaita mini ba tare da ya iya kallona ba, shi ne: "Yarinya ce, kwananta na da yawa paa. Kaɗan zan taɓa. Kai kuwa, Yaya, zama ɗaya zai tafi da kai." Ya buɗe asusu da sunanta, ya ce hannu biyar zai yi ya tashi. Katin ya yi ta ɗumi, ya yi awa huɗu a zaune cikin mota.

A yammacin nan aka tsinci Damata a tashar ƙarshe ta jirgin ƙasa, jakar makaranta a cinya, ba ta san inda za ta sauka ba. Jikinta bai tsufa ba, kanta aka kwashe. Tana sa takalmi a firiji, tana neman uwarta ɗaki-ɗaki, tana kuka in an gaya mata ta rasu, bayan minti goma ta sake tambaya. Duk alamomin da ubanta ya sani a wurin 'yan shekara casa'in, ya gan su a 'yarsa.

Ya yi ƙoƙarin buɗe asusu da sunansa na gaskiya don a cira daga nasa, shafin ya ƙi karɓa. Ya roƙe ni in raka shi St. George, na raka shi, Allah Ya yafe mini. Ya kwanta a gaban bokan yana cewa, "Ku mayar mata! Ku ɗauki nawa duka, yau-yau!"

Bokan ya ce, "Wa ka ce sunanka?"

"Abdul-Hanan."

Bokan ya karkata kai wajen kujerar, ya daɗe yana saurare. Sannan ya ce, "Ba su san ka ba. Sun ce mai wannan suna bai taɓa shigowa ƙasar nan ba."

Muka dawo a jirgin ruwan. Abdul-Hanan ya jefa wayar a teku, na san kuma ya makara.

Kuɗin suka bi asibitoci. Motar ta tafi, benen Kumasi ya tsaya ba rufi, suka dawo Highbridge ɗaki ɗaya. Ya koma tsohon aikinsa da tsohon katinsa na aiki, ban iya ce masa ya dawo mini da sunana ba. Da safe ya wanke tsofaffin mutane, Safiatu ta zauna da yarinyar, da yamma ya dawo ya ba 'yarsa abinci a baki.

Ku da kuke haye gada da waya a hannu, da ku masu tambayar hanyar St. George a ɓoye, ku saurare ni, don ba ni da ƙarfin maimaitawa. Kwaɗayi ba ya tsayawa inda ka ce zai tsaya. Duk wanda ya yi muku alkawarin dukiyar da ba ku yi wa gumi ba, daga jikin mutanen gidanku zai yanko ta, kuma ku da hannunku za ku miƙa masa su ɗaya bayan ɗaya, kuna ba kanku dalili. Ku ji tsoron Allah. Na gaji da wanke yaran da ya kamata su wanke ni.

Jiya na leƙa su bayan la'asar. Ya shigo daga aiki ke nan, ko rigar bai cire ba, ya durƙusa gabanta da kwanon koko. Damata ta dube shi da ladabi irin na baƙo, ta kamo katin da ke rataye a wuyansa, ta karanta a hankali.

Ta ce, "Thank you, Mr. Saani. Is my daddy coming today?"

Ya ce mata yana hanya, ya ɗebo cokali na gaba.