Babe Ya Fi Ƙarfin Bakin Karfasa

A zamanin Nasara, lokacin da ake ɗibar maza aikin hanya, an yi wani yaro a Madarunfa. Yaron kirki ne, amma fa akwai rawar kai!

An tafi da babansa aikin hanyar Maraɗi. Ana nan sai innarsa ta haihu. Tun da ta haihu ta kasa cin komai, ko kunu ba ya shiga. Nono ya ƙi zuwa, jaririya kuwa sai tsala kuka take yi.

Wata safiya Inna ta ce a hankali, "Da zan sami romon karfasa, da na sha."

Yaro ya yi wuf ya ɗauko fatsar babansa. A zaure ya tarar da kakansa Kanta, tsohon masunci, wanda ciwon gwiwa ya zaunar.

Kaka ya ce, "Kai ja'iri, tsaya in gaya maka koton da za ka sa a ƙugiya."

"Ai na sani, Kaka!" in ji yaro. Ya zura da gudu.

A bakin tafki ya tono tana. Ya dube ta ya taɓe baki. "Wannan ƴar siririyar aba, me za ta kama?" Ya watsa ta a busasshen ƙoƙo, ya bar ta cikin rana. Sai ya shiga ciyawa ya kamo babe, manyan farin nan masu ƙaya a ƙafa. A ganinsa, babban koto shi ke kawo kifi da yawa.

Ya soka babe, ya jefa. Igiya ta motsa, ya fizgo. Wayam! Kifi sun gutsure ƙafafu sun yi gaba. Ya sake, ya kuma sakewa. Ko ƙaya bai kama ba.

Da rana ta karkata, ya koma kan tanarsa. Ashe duk ta mutu, ta bushe ƙayau. Ya tuna Inna tana kwance tana jiransa, sai hawaye.

Ya koma gida yana jan ƙafa. Ya durƙusa gaban tsohon. "Kaka, ka yi haƙuri. Ban sani ba. Koya mini."

Kaka ya yi dariya har da tari. "Babe? Don karfasa? Kai, ka taɓa duban bakinta kuwa? Kai za ka iya haɗiye kabewa ɗungurungum?"

Yaro ya girgiza kai.

"To, saurara. Bakinta ƙarami ne. Nemi tana siririya, mai rai. Sa ta cikin danyar ƙasa, ka rufe da ganye a inuwa. In ka soka, bar wutsiyar tana motsi. Motsin nan ne ke kiran kifi. Maza, rana ba ta jira."

Yaro ya koma tafki, ya yi yadda aka ce. Bai daɗe da jefawa ba, igiya ta nutse. Ya ja, sai ga karfasa tana fal-fal! Ya yi ihu shi kaɗai. Kafin magariba ƙwaryarsa ta yi nauyi.

Maƙwabciyarsu Balaraba ta dafa romo, ya ji yaji da daddawa. Inna ta kurɓa, ta sake kurɓa, har ta shanye akushi. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka."

Washegari gidan ya yi tsit. Yaro ya tsorata, ya leƙa ɗaki. Ga jaririya tana shan nono, ta lumshe ido. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce, "Alhamdu lillahi!"

To yara, in babba ya fara magana, ku tsaya ku ji ƙarshenta. Matambayi ba ya ɓata.