Ɗan Hayan Cikin Auta

Magariba ta kawo jiki, Mama tana kwashe shanya a tsakar gida, sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Gidan ya yi tsit. Na biyu ya biyo baya. Daga ɗakin Auta kuma aka ji gurnani mai kauri, kamar ana jan buhu a ƙasa.

Auta ce ƙaramar 'yar Mama da Baba, mai koyon ɗinki. Tun da wata muguwar mura ta kayar da ita bara, ba ta koma daidai ba. Zazzaɓi ya tafi, gajiya ta zauna. Ciki kullum a kumbure, ƙafa ba ta iya taka keke, har mai shagon ta fara zancen ba wata kujerarta.

Likita ya ce kafson da aka yi ta ɗura mata ya share har ƙwayoyin kirki da ke hanjinta. Ya rubuta wani garin magani, ya ce a haɗa da yogot ko za a dace. Amma Baba, direban tirela da ya san komai tun daga gyaran birki har tiyata, ya sa aka karanta masa kwalin. Da ya ji akwai ƙwayoyi masu rai a ciki, sai ya wurga shi saman kwaba. Game da yogot kuwa, ya kafa doka sai an tafasa shi tukuna. Ya ci gaba da sayo kafso daga kemis.

Da jifan ya ƙi ƙarewa, aka ɗauko Malam. Ya zauna a bakin katifa yana karatu a hankali, inuwa tana cinye ɗakin. Can Auta ta tashi zaune, idanunta a kafe, murya ta fito wadda ba tata ba.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Ɗan haya."

"Wa ya ba ka wuri?"

Yatsan Auta ya nuna Baba. "Wancan mai tumbin. Da na fara leƙo cikin nan, gari ne guda, kowa na aikinsa, ko wurin sa ƙafa ban samu ba. Sai ya share min su tas. In an aiko sababbi, ya dafa su a tukunya. Ban taɓa samun bara mai ladabi irinsa ba."

"Malam, ƙarya yake," in ji Baba. "Ni tsafta nake..."

"Rufe mana baki, likitan tasha."

"Duwatsun fa?" in ji Malam.

"Tuna masa nake idan lokacin kafso ya yi."

Mama ta miƙe. Ta taka kujera, ta sauko da kwalin, ta hure ƙurarsa, ta dama garin a yogot mai sanyi. Aljanin ya ga cokali ya doso, sai ya soma ciniki.

"Ku bar min yamma, ku riƙe safiya."

"Masu gida za su dawo," in ji Malam. "Fita."

"To a ɗan ɗumama shi mana."

"Fita, ka nufi daji."

Wata dariya ta raini ta cika ɗakin. "Daji? Ga kango a kusa? Mutumin da ke watsa kafso kamar gyaɗa?" Idanun suka sauka a kan tumbin Baba, suka daɗe a can. Sannan Auta ta yi atishawa, ta sulale kan filo.

Jifa ya tsaya daga ranar. Sauƙi bai zo da gudu ba, sai da aka yi ta komawa asibiti, amma a hankali Auta ta koma kan kekenta kafin a ba wata.

Baba kuwa, duk magariba za ka same shi a bayan ƙofa da kofin yogot mai sanyi, yana lashe cokali. In cikinsa ya yi ƙugi, sai ya dafe shi da hannu biyu, ya ɗaga murya:

"A'uzubillahi! Akwai mutane a ciki!"