Zoben Waya da Kwandon Ƙwai

Tun da aka taso daga coci Eunice take sharar tsakar gidansu a Unguwar Boro, har kajin uwarta suka gaji da gudu. Yau Anayo zai zo gaisuwa, bakaniken Kakuri da ta yi shekara biyu tana so.

Uwarta Mama Lydia kuwa ta sha kunu. Kiwon kaji take yi, ita ke kai wa matan ma'aikatan Barnawa ƙwai, kuma da tafin hannu kawai take ware babba da ƙarami.

"Ni ba yarensa ne ya dame ni ba," in ji ta. "Hannun da ya saba dukan ƙarfe da guduma, shi zan danƙa wa 'yata?"

"Filis Mama, ki gan shi tukuna."

Anayo ya iso a kan babur ɗinsa Basfa, ya durƙusa ya yi gaisuwa da Hausarsa mai karyewa. Ko ruwa bai gama sha ba Mama ta dire masa kwandon ƙwai da kiret uku.

"Ka ware min su: manya, matsakaita, ƙanana. Ba sikeli a gidan nan. Ka fasa ko ɗaya, ka hau babur ɗinka, magana ta ƙare."

Anayo ko sai ya roƙi Mama ta zaɓo masa ƙarami ɗaya da matsakaici ɗaya. Ya ɗauko waya da filaya daga akwatin babur, ya lanƙwasa zobe biyu daidai faɗinsu. Wanda ya wuce ta ƙaramin zobe, ƙarami ne. Wanda sai ta babban, matsakaici. Wanda ya zauna a kai ya ƙi wucewa, babba.

Mama ta taɓe baki ta shige ɗaki.

Saura ƙwai huɗu wani ya maƙale a zobe. Anayo ya ɗan danna shi kamar yadda ya saba yi wa noti, sai ƙas, ya tsage.

"Juya tsagin ƙasa," Eunice ta raɗa masa, idonta ya ciko. "Ba za ta gani ba."

"No, Eunice. In na ɓoye wa Mama yau, gobe ke zan ɓoye wa."

Da Mama ta fito, ya miƙa mata shi da hannu biyu. "Mama, na fasa wannan."

Ba ta karɓa ba. Ta bi kiret ɗin matsakaita tana ɗagawa a tafinta, ta cire dogaye biyu ta mayar cikin manya.

"Zobenka ya san faɗi, bai san tsawo ba," ta ce. "Sai ka zo na koya maka."

"Na zo, Mama?"

"To da wa nake magana? Ina taga ina jin ku. Ke kuma mai ba da shawarar juyawa, tashi ki soya wa surukina ƙwansa, zan ji da ke anjima."

Eunice ta ruga kicin, ga hawaye ga dariya. Anayo ya kai hannu zai ɗauki zobbansa, Mama ta buge hannun.

"Bar su nan. Yatsuna sun fara ciwo."

Bayan Kirsimeti aka yi biki. 'Ya'yana, ku yi haƙuri da gwajin iyaye, tsoro ne ke sa su. In kuma kun yi ɓarna, ku kai ta gabansu da hannunku, kada ku juya tsagin ƙasa.